Sayayya a Saigon: inda baƙo zai taya, da inda zai biya ya yi shiru

"Assalamu alaikum. In Allah Ya yarda, wata mai zuwa wurin aikinmu zai tura ni horo na kwana 10 a birnin Ho Chi Minh na ƙasar Biyetnam. Tun kafin biza ta fito uwargida ta rubuta min jerin tsaraba: yadi, takalman yara, jaka. Abokai kuma suna cewa in kawo musu kofi da turaren wuta. Ban taɓa zuwa ba, ba na jin yarensu. An ce min Ben Thanh ce babbar kasuwarsu. Can zan nufa? Kuma yaya zan yi kada a ƙware ni?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya kai ka lafiya. Ni harkar ƙwallon kashu ce ta fara kai ni ƙasar, domin Biyetnam ce kan gaba a duniya wajen fasa kashu da gyara shi, kuma yawancin ɗanyen da masana'antunsu ke fasawa daga waje suke sayo shi, daga Kambodiya da ƙasashen Afirka, har da Najeriya. Duk zuwa a wannan birni nake sauka, duk tafiya kuma sai an cika min hannu da jeri irin naka. Abin da kake son sani, in na fahimce ka, shi ne inda za ka je da yadda za ka gane farashin gaskiya a garin da ko sannu ba ka iya ba da yarensu. To a wannan gari, wurin da ka tsaya shi ke yanke maka farashi tun kafin ka buɗe baki. Wanda ya iya zaɓen kasuwa ya gama rabin tayi.

Sunan birnin a takarda Ho Chi Minh ne tun 1976, amma mutanen gari Saigon suke cewa. A 2025 gwamnati ta soke tsarin gundumomi, duk da haka direba da mai shago har yanzu Gunduma ta 1, Gunduma ta 5 suke faɗa, don haka da su zan yi maka kwatance. Kuma bayanina na Saigon ne da sayayyar tsaraba. Mai son lodin kwantena, lissafinsa daban ne.

Kuɗin da sifili ya yi wa yawa

Bari mu fara da kuɗi, don a nan baƙi suka fi tafka asara, sau da yawa ma ba wanda ya cuce su. Kuɗinsu dong ne. Dala ɗaya tana canzuwa a kan dong 25,000 da ɗoriya, wato kana canza dala 100 ka zama mai miliyan biyu da rabi a aljihu. Ba sulalla a hannun mutane, takardu ne zalla, kuma hoton mutum ɗaya ne a kan kusan dukkansu, wato Ho Chi Minh, shugaban da aka sa wa birnin sunansa, saboda haka ba za ka gane su da fuska ba yadda muke gane naira. Takardar 20,000 da ta 500,000 duk shuɗaye ne. Ta 10,000 da ta 200,000 ma suna ɗiban kama in haske ya yi ƙaranci. Manyan na roba ne, in suka ji gumi sai su manne, ka miƙa biyu kana zaton ɗaya ce. A zuwana na farko na ba mai ruwan rake 500,000 a matsayin 20,000, har na juya zan tafi, ita ta biyo ni tana nuna min sifilan da ɗan yatsa. Ba kowa zai biyo ka ba. Tun daga ranar manyan takardu suna aljihun ciki, ƙananan suna aljihun gaba.

A allon farashi za ka ga 50k ko 120k, wani lokaci 50 kawai. Dubu ake nufi. In mai kaya ta buga 350 a kalkuleta ta juyo maka da ita, 350,000 ke nan. A kasuwar baƙi ka tabbatar dong ake magana ba dala ba kafin ka gyaɗa kai.

Canji ka yi shi a banki ko teburin canji mai lasisi. Za ka ji ana cewa shagunan gwal sun fi ba da farashi mai kyau, har ka ga layi a bakin wasu. Shagon da ba shi da lasisin canji doka ta hana, kuma laifin yana shafar mai kawo kuɗin ma. A 2018 a birnin Can Tho an ci wani mutum tarar dong miliyan 90 saboda ya canza dala 100 a shagon gwal, sai da aka yi ta surutu a ƙasar kafin a yafe masa. An sassauta hukuncin daga baya, amma 'yar ribar ba ta kai mutum ya jawo wa kansa magana a ƙasar mutane ba. Ka tafi da dala sababbi, marasa rubutu ko yagewa. In abin da ke hannunka ya wuce dala 5,000, ka bayyana wa kwastan lokacin shiga. Za ka ga 'yan gari suna biyan komai da waya, har mai ayaba tana da alamar da ake ɗauka da kyamara, amma wannan ya fi sauƙi ga mai asusun banki a ƙasar. Kai tsabar kuɗi za ka riƙe a kasuwa.

Ben Thanh

Wanda ya ce maka ita ce babba, ita ce mafi suna yake nufi. A zamanin Faransawa aka gina ta, aka buɗe ta a 1914, kuma hasumiyar agogon da ke ƙofarta ta kudu ita ce hoton da ake tallan birnin da shi. Tun Disamban 2024 jirgin ƙasa na cikin gari ma daga bakinta yake tashi. Sai dai kasuwa ce da ta koma ta baƙi. Rumfa a cikinta tana da tsada, masu rumfar sun san mai shigowa yau ya zo jibi ya tafi, ba zai dawo da ƙorafi ba, sun kuma san a cikin goma akwai wanda zai biya farashin farko bai ce uffan ba. Don haka farashin farko na gwaji ne. Abin da na saba gani, ana faɗin ninki biyu ko uku na abin da za a sallama, a kan jaka da agogo har fiye. Lungunan a matse suke, ga zafi kamar gidan burodi, ga masu rumfa suna jan hannun rigarka. Kada ranka ya ɓaci, salon tallansu ke nan. Ka janye hannunka da murmushi ka wuce.

Ka je dai, ko don kallo da sanin irin kayan da ke akwai. A gefe-gefen kasuwar akwai rumfunan da suka kafa allon cewa farashinsu tsayayye ne, ka fara da su ka ga lambobin da aka liƙa. Akwai kuma dalilin da ya shafe mu kai tsaye. In ka fito ta ƙofar yamma za ka faɗa titin Nguyen An Ninh, wanda ake wa laƙabi da titin Malesiya. Gajere ne, cike da shagunan hijabi, mayafai da dogayen riguna irin na matan Malesiya, da gidajen abinci na halal. Masu shagunan sun saba da Musulmi, wasunsu ma Musulmi ne 'yan ƙabilar Cham. Nan nake cin abincin rana, nan kuma nake samun mayafan tsaraba. Babban masallacin birnin yana titin Dong Du, kamar minti 15 a ƙafa daga nan. Musulmin kudancin Indiya suka gina shi a 1935, kuma ana Juma'a a ciki.

Ranar farko, shawarata, kada ka sayi komai a kasuwa. Ka shiga babban kanti irin Co.opmart, WinMart ko Lotte Mart, inda 'yan gari ke cefane kuma an liƙa wa kowane kaya farashinsa. Ka ɗauki hoton kuɗin kofi, kashu, baƙin barkono, busassun 'ya'yan itace, silifa, tawul. Hotunan nan su ne mudunka na awo. Sau da yawa kayan ci na tsaraba a kantin sun fi araha a kan abin da za ka samu a Ben Thanh bayan ka gama tayi ka jiƙe da gumi, ga kwanan wata a jikin leda, ga rasit. A irin waɗannan kantuna, da manyan benaye irin Vincom da Takashimaya, ba a tayi.

Inda 'yan sari ke zuwa

Kasuwar da ta cancanci a kira ta babba tana yamma, a unguwar Sinawa da ake ce wa Cho Lon, kuma ma'anar sunan ke nan, babbar kasuwa. Cibiyarta ita ce Binh Tay a Gunduma ta 6. Wani attajirin shinkafa Basine mai suna Quach Dam ya ba da kuɗin gina ta, ya rasu a 1927 bai ga an kammala ba, aka buɗe ta a 1930. Bene ne mai fili a tsakiya, kuma daga nan masu shaguna na birnin da lardunan kogin Mekong suke ɗaukar kaya: tukwane, kwanuka, huluna, takalma, jakunkuna, kayan yaji, kashu. Ba mai jan rigarka a nan. In guda ɗaya kake nema, ba lallai ma a ɗago a kalle ka ba. Farashin da aka faɗa yana kusa da na gaskiya, ragin kaɗan ne, kuma yawan abin da ka ɗauka ke jawo shi, ba iya baki ba. Ka haɗa jerin uwargida da na abokai ka sayi rabin dozin ko dozin, sai ka ga fuska ta saki.

Don tufafi, takalma da jakunkuna, An Dong a Gunduma ta 5 ta fi. Yadi kuwa Soai Kinh Lam, a kan titin Tran Hung Dao, ita ce Kantin Kwarin garin, bandir-bandir har bakin titi, amma sun fi son mai ɗauka da yawa. Wanda zai yanki mita biyar na wannan, uku na wancan, ya je Tan Dinh a titin Hai Ba Trung, kusa da cocin nan mai fentin ruwan hoda. A duk waɗannan wurare Turanci bai da kasuwa. Kalkuleta da manhajar fassara ta waya su ne tafintanka. Ka sa a rubuta maka sunan kasuwar a waya ka nuna wa direba, ko ka kira mota ta manhajar Grab, wadda ke nuna kuɗin tafiya tun kafin ka shiga.

Yadda ake tayi, da abin da ba a yi da safe

Bahaushe ba sai an koya masa ciniki ba, kuma yawancin abin da ka sani zai yi maka aiki. Kalmomi kaɗan sun isa. Bao nhieu, ana furta shi kamar bau nyiu, shi ne nawa. Mac qua, mak kwa, ya yi tsada. Bot di, rage min. Cam on, kam on, na gode. Yarensu na karin sauti ne kamar Hausa, sai dai nasu karin ya fi namu yawa, don haka za ka faɗa ba daidai ba, za a yi dariya, dariyar kuma riba ce gare ka. Yawancin masu rumfa mata ne, kuma su ma da sunan dangi suke kiran juna: chi, wato yaya, ga wadda ta ɗan girme ka, co, wato gwaggo, ga dattijuwa. Chi oi shi ne yadda ake kiran mai kaya.

A Ben Thanh nakan fara daga kashi ɗaya cikin uku na abin da aka faɗa, mu haɗu kusa da rabi, wani lokaci ƙasa. In ta ƙi, ka gode ka taka. In akwai sauran ragi za a kira ka kafin ka kai rumfa ta uku, in ba a kira ba ka san ka sauka ƙasa da jari. Ba sa doguwar gaisuwa irin tamu kafin ciniki, ba sa kuma son ɗaga murya, wanda ya harzuƙa shi ya kunyata. In ka taya aka sallama, ka biya, wannan ko a gida haka ne. Ka tsaya a ɗaure maka wanda ka zaɓa a gabanka, kada a shiga ciki a ɗauko maka "sabo".

Abin da ya bambanta shi ne cinikin farko na safe, wanda suke kira mo hang, buɗe kaya. Wanda ya fara tsayawa a rumfa shi ke buɗe wa mai ita kasuwar ranar. In ya saya ba ja-in-ja, an yi dace. In ya ɗaga wannan ya ajiye wancan, ya taya ya tafi hannu rabbana, an ɗauka farar ƙafa ya kawo. Na taɓa yin wannan kuskure a wata rumfar yadi da misalin ƙarfe bakwai na safe. Na sa an warware min kala huɗu, na ce zan dawo. Ina waiwayawa na ga dattijuwar ta kunna wa takarda wuta tana kaɗawa a bakin rumfa tana gunaguni. Abokin harkata ɗan garin ya ce min tsiyar da na bari take kora, dot via suke ce masa. Saboda haka yawon kallo da tambayar farashi ka bar shi sai hantsi, bayan ƙarfe 9 ko 10. Amma in ka riga ka san abin da kake so da kuɗinsa, safiya ce lokacinka, don mai rumfa ba ta son cinikin farko ya kuɓuce mata.

Ka kula da awo. Kofi, shayi, kashu da busassun kaya sau da yawa farashin giram 100 ake rubutawa, wanda suke kira lang, baƙo kuma ya ɗauka na kilo ne, sai an ɗora a sikeli ya ga kuɗi sun ninka goma. Kilo a Saigon ky ne, ana furta shi ki. Ka tambaya, lang ko ky. Wani abin dariya, a lardunan Mekong in an ce goma na 'ya'yan itace, tana iya zama 12 ko 14, gyara ce aka cusa a cikin ƙirga.

Jerin uwargida da na abokai

Yadi da mita ake yanka shi, kuma mita ta ɗan fi yadi tsawo, amma ka tambayi faɗi, don akwai mai mita ɗaya da rabi, akwai wanda bai kai ba. Kada ka sa ran atamfa ko shadda irin tamu. Abin da suka iya shi ne siliki, auduga mai laushi, yadin kwat da na mayafi. Silikin ƙasar na gaske yawanci daga Bao Loc yake, amma mafi yawan abin da ake kira siliki a kasuwar baƙi roba ne. Ka roƙi zare ɗaya daga baki ka ƙona. Na gaske yana ƙaurin gashi, tokarsa ta marmashe a yatsa, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Gwajin yana kama roba zalla, wanda aka gauraya zai iya wuce ka. Kayan da aka ɗinka kuma awonsu na jikinsu ne, babbar rigarsu matsakaiciya ce a wurinmu. Ka tafi da tef, ka sa a auna maka tafin ƙafar kowane yaro da santimita.

Takalma akwai tarko. Kusan rabin takalman Nike a Biyetnam ake yin su, shi ya sa mai rumfa zai rantse maka cewa nasa rarar masana'anta ne da aka yi don fitarwa waje. Manyan kamfanoni suna ƙirga kayansu, rarar da ke fita ba ta isa ta cika kasuwanni haka ba. Takalmi mai babban suna a kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa jabu ne, hukuma ma takan kai samame a kan irinsa. Ni yara Biti's nake saya musu, kamfanin ƙasar ne, yana da shagunansa masu farashi a liƙe, kuma takalman suna jure guje-guje. Jaka ma gara marar tambari mai ɗinki mai kyau, ka duba zif da ɗinkin ciki.

Kofi, Biyetnam ce ta biyu a duniya bayan Barazil, yawancinsa nau'in robusta ne mai ɗaci da ƙarfi daga yankin Buon Ma Thuot. Garin da ake sayarwa a buɗe akwai mai gaurayen soyayyiyar masara da waken soya. Sannan a suyar gargajiya wasu suna zuba man shanu, sukari har da ɗan giya don ƙamshi. Ka nemi wanda aka rubuta wa rang moc, wato suya zalla ba ƙari, ka sayi tsabarsa a niƙa a gabanka, ka haɗa wa kowane aboki da 'yar matatar ƙarfen nan da suke kira phin, ba ta da tsada. Za a tallata maka kofin jibda, wanda ake tsinta a kashin dabbar. Wanda ake sayarwa da araha ƙamshi aka zuba masa, ka wuce.

Turaren wutan da abokanka suke nufi na itacen oud ne, da yarensu tram huong ake ce masa, kuma lardin Khanh Hoa ya yi suna a kansa. Ƙamshin ƙaro ne da bishiyar ke tarawa in ta ji rauni, shi ya sa yake da wuyar samu da tsada, shi ya sa kuma jabunsa ya yi yawa: itace ne kawai a jiƙa shi da mai a shafa masa baƙi. Ka sa a ɗora ɓalli a kan gawayi. Na kirki yana sakin ƙamshi a hankali, ka ga ƙaron yana tsattsafowa, jabu kuwa ya bugo da ƙarfi sannan ya koma hayaƙin itace mai yaji a ido. Iyakar abin da wannan gwaji zai raba maka ke nan. Tantance daraja tsakanin na kirki da na kirki sai wanda sana'arsa ce, ni ma ba na sayen mai tsada sai da irinsu. Ka sayi kaɗan a shagon da aikinsa ke nan, ka karɓi rasit, don bishiyar tana cikin waɗanda dokar duniya ta sa wa ido wajen fitarwa. A kayan ciye-ciye kuma ka duba leda, in ka ga heo ko lon, alade ne.

Wayarka kada ka riƙe ta a bakin titi, masu fizge a kan babur sun ƙware. Jaka ka rataya ta gaba. Daga Mayu zuwa Nuwamba ruwa yakan sauko da rana tsaka ko yamma, ka gama kasuwa kafin la'asar. In tafiya ta faɗa a bikin sabuwar shekararsu, Tet, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, kasuwanni a rufe suke kwanaki.

Ranar dawowa, in ka yi sayayyar da ta kai dong miliyan 2 a rana ɗaya a shagon da ke cikin tsarin maida wa baƙi harajin kaya, ka nuna fasfo tun a shagon a cika maka takardar, a filin jirgin Tan Son Nhat kuma ka nuna wa kwastan kayan kafin ka ba da akwati. Kashi 85 cikin 100 na harajin ake maidawa, rumfunan kasuwa ba sa ciki. Kada ka yarda wani ya sa ka saka kwalbar romon kifinsu, nuoc mam, a akwati ɗaya da yadin uwargida, wasu kamfanonin jirgi ma ba sa karɓar ta. Ragowar dong kuma ka ƙarar da shi ko ka mayar dala kafin ka hau jirgi, don in ka kai shi Wapa, juya takardar za a yi ta yi ana tambayar ka kuɗin wace ƙasa ne.